Maƙala Mai Shafi 4 Da Ta Sauya Jinyar Masu Raunin Kai: Darasi Ga Masananmu

A duk lokacin da aka taru a jami'o'inmu domin karrama wani shehun malami, ko laccar kama kujerar farfesa ce ko walimar sallama daga aiki, abin da mai gabatarwa ke fara zayyanawa shi ne yawan maƙalun da gwanin nasa ya wallafa. A ce ya rubuta 80, ko 150, ya halarci taruka kaza a ƙasashe kaza, zaure ya kaure da tafi, a ci a sha a watse. Ba safai nake jin an tashi an faɗi abu guda tak da ya sauya a asibiti, ko a gona, ko a aji, saboda wannan tulin rubutu ba. Wannan ne ya sa na ga ya dace in kawo wa mai karatu labarin wani likita ɗan Birtaniya, Farfesa Bryan Jennett, wanda ya rasu a shekarar 2008, domin aikinsa ya amsa tambayar da muka daɗe muna kauce mata, wato da me ake auna tasirin mai bincike?

An haifi Jennett a Ingila a shekarar 1926, ya yi karatun likita a Liverpool, sannan ya ƙware a tiyatar ƙwaƙwalwa. A shekarar 1963 ya koma birnin Glasgow da ke Sikotilan, kuma a 1968 ya zama farfesa a wannan fanni a jami'ar birnin. Tun yana matashi hankalinsa ya karkata ga waɗanda suka bugu a kai, har littafinsa na 1962 ya yi shi ne a kan farfaɗiyar da ke biyo bayan irin wannan rauni. A wancan zamani manyan likitocin tiyata ba su ɗauki raunin kai da wata daraja ba. Suna da ɗaukaka suna wurin cire ƙari daga ƙwaƙwalwa, shi kuwa wanda mota ta kaɗe, ko ya faɗo daga bene, ko aka rotsa masa kai a wurin faɗa, sai a bar shi a hannun ƙananan likitoci, in ya farfaɗo to, in bai farfaɗo ba a ce rauni ne ya yi yawa.

Matsalar farko da Jennett ya lura da ita ta harshe ce. Sashen da yake aiki shi ke karɓar masu raunin kai daga asibitocin yammacin Sikotilan, kuma galibi ta wayar tarho ake bayanin majiyyaci kafin a yanke shawarar kawo shi. Kalmomin da likitoci ke amfani da su a lokacin ba su da iyaka tsayayya. Mu kwatanta da namu: wani ya ce majiyyaci ya suma, wani ya ce yana magagi, wani ya ce bai san inda kansa yake ba, wani ya ce da ɗan dama-dama. Wace ce ta fi wata muni a cikin waɗannan? Idan nas ɗin safe ta rubuta yana magagi, ta dare ta rubuta ya fita hayyacinsa, sauƙi ya samu ko jikin ne ya rikice? Babu mai iya faɗa. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan kimar kowane ido daban take, kuma rai ne ke salwanta a tsakanin wannan saɓani.

A watan Yulin 1974 Jennett da wani matashin likita da ke ƙarƙashinsa, Graham Teasdale, suka wallafa maƙala mai shafi 4 a mujallar likitoci ta Lancet. Abin da suka kawo shi ne ake kira Ma'aunin Suma na Glasgow, wanda ma'aikatan asibiti ke taƙaitawa da GCS. Hikimarsa ita ce, a daina tambayar ko mutum ya suma ko bai suma ba, a duba abubuwa uku da kowa zai iya gani da idonsa, kowane a ba shi maki.

Na farko buɗe ido. Wanda ke buɗe ido da kansa yana da maki 4, wanda sai an yi masa magana 3, wanda sai an matsa masa yatsa ya ji zafi 2, wanda ba ya buɗewa sam 1. Na biyu magana. Wanda ya san sunansa da inda yake da watan da ake ciki yana da 5, wanda ke zance amma a rikice 4, wanda ke jefo kalmomi ba haɗi 3, wanda sai nishi da gurnani 2, wanda ya yi shiru 1. Na uku motsi. Wanda aka ce ya ɗaga hannu ya ɗaga yana da 6, wanda ke kai hannu daidai inda aka matsa masa domin ya ture 5, wanda ke janye hannu kurum 4, wanda hannunsa ke lanƙwashewa ta hanyar da ba ta saba ba 3, wanda ke sandarewa ya miƙe 2, wanda ba ya motsi 1. Tun bayan gyaran da aka yi a 1976, jimillar makin tana kamawa daga 3 zuwa 15. Daga 8 zuwa ƙasa rauni ne mai tsanani, 9 zuwa 12 matsakaici, 13 zuwa 15 mai sauƙi.

Iyakar abin ke nan. Babu na'ura, babu wutar lantarki, babu sinadari. Mai karatu zai iya cewa to mene ne abin kuzuzutawa a nan? Amsar tana cikin maimaitawa. Idan aka auna yaro da ƙarfe 10 na dare aka samu 14, aka sake aunawa ƙarfe 12 aka samu 11, to ko nas ɗin da ta fara aiki jiya ta san cewa wani abu na faruwa a cikin ƙoƙon kansa, kuma tana da lambar da za ta faɗa wa likita ta waya wadda ba zai iya yi mata wata fassara ba. Kafin su yaɗa ma'aunin sai da suka gwada shi a hannun likitoci da nas-nas daban-daban domin su tabbatar mutum biyu za su duba majiyyaci ɗaya su ba da maki iri ɗaya. Wato tun farko an tsara shi ne domin ma'aikacin da ke tsaye a gefen gado da tsakar dare.

Shi ya sa ya bazu kamar wutar daji. Ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka ta sanya shi cikin kwas ɗinta na ceton waɗanda suka yi haɗari, aka kuma shigar da shi cikin ma'aunan da ake amfani da su a ɗakunan kulawa ta musamman. Wani nazari da aka wallafa a 2014, lokacin da ya cika shekara 40, ya nuna ana aiki da shi a ƙasashe fiye da 80. Har ma ya haifi 'ya'ya. A ƙasar Malawi, Malcolm Molyneux da Terrie Taylor sun ɗauki wannan dabara suka daidaita ta da ƙananan yara waɗanda ba su fara magana ba, suka fitar da Ma'aunin Suma na Blantyre mai maki 0 zuwa 5, wanda ake auna yaran da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa da shi. Duk likitan yara a ƙasar nan ya san shi. A yau, duk ɗalibin likita ko na jinya a Zariya, Kano, Sakkwato ko Maiduguri sai ya haddace lambobin Glasgow kafin ya ci jarrabawa, ko da kuwa bai taɓa jin sunan Jennett ba.

To amma ma'aunin suma kashi ɗaya ne kawai na aikin. Abu na biyu da Jennett da abokan aikinsa suka yi ya fi buƙatar ƙarfin hali, domin laifin gidansu suka tona. Sun koma kan takardun majiyyatan da suka mutu, suka ware waɗanda an ji sun yi magana bayan haɗarin kafin daga bisani su cika. Hujjarsu a fili take: mutumin da ya iya magana bayan ya bugu, bugun bai lalata masa ƙwaƙwalwa nan take ba, saboda haka wani abu ne da ya biyo baya ya kashe shi. A maƙalarsu ta 1975 sun duba irin waɗannan mutane 66, binciken gawa ya nuna kashi uku cikin huɗu jini ne ya taru a cikin ƙoƙon kansu. Ƙoƙon kai akwati ne da ba ya buɗewa, idan jini ya ci gaba da tsiyaya a ciki sai ya danne ƙwaƙwalwa sannu a hankali, mutum yana hira da 'yan uwansa har ya fara gyangyaɗi, daga nan sai suma. Tiyata cikin lokaci tana iya ceto shi.

Bincikensu na gaba ya nuna cewa a galibin waɗannan mace-mace akwai sakacin da za a iya kauce masa, kuma mafi yawansa jinkiri ne wajen gane taruwar jinin. Wani lokaci an ɗauka mutumin giya ce ta bugar da shi, aka bar shi ya yi barci. Wani lokaci harshensa ko amai ya toshe masa maƙogwaro a cikin motar asibiti, ko jininsa ya yi ƙasa saboda zubar jini a wani sashe na jiki, ƙwaƙwalwa ta rasa iskar da take buƙata. Daga nan fahimta ta kafu cewa raunin kai hawa biyu ne, akwai ɓarnar da ta auku a lokacin bugun wadda babu yadda aka iya da ita, akwai kuma ta biyu wadda ke faruwa a hannun masu jinya. A 1983 suka fito da lissafin da ya taimaka wa ƙananan asibitoci ƙwarai: babban mutum da ƙoƙon kansa ya tsage kuma hankalinsa ya gushe, ɗaya cikin 4 na irinsa jini zai taru masa, shi kuwa wanda babu tsagewa kuma yana cikin hayyacinsa, kusan ɗaya cikin 6,000 ne. Da wannan likitan ƙauye zai san wanda zai sallama da wanda zai tura babban asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Abu na uku shi ne wanda ya fi damuna, domin shi muka fi yin watsi da shi. A da, idan majiyyaci ya fita daga asibiti da ƙafarsa, likita kan rubuta ya warke, a rufe fayil. Jennett ya ce da sauran magana. A 1975 shi da Michael Bond, likita masanin lafiyar hankali, suka fitar da ma'auni na biyu, na sakamakon jinya, mai mataki 5: mutuwa, rayuwa ba tare da alamar hayyaci ba, naƙasa mai tsanani inda mutum ya dogara da wani kullum, naƙasa matsakaiciya inda yake iya kula da kansa amma bai koma yadda yake ba, sai murmurewa mai kyau. Akan yi wannan awo ne wata 6 ko shekara guda bayan haɗari. Ma'anarsa ita ce likita bai gama aiki ba sai ya bi sawun majiyyacinsa har gida ya ga yadda rayuwarsa ta kasance.

Da aka fara bin sawun, abin da aka tarar ya girgiza masana. Masana halayyar ɗan Adam na Glasgow, irin su Neil Brooks da William McKinlay, sun riƙa zama da matan aure da iyayen waɗanda suka tsira, kuma abin da iyalan suka fi kuka da shi ba ɗingishi ko shanyewar hannu ba ne. Sauyin hali ne: saurin fushi, mantuwa, kasala, rashin haƙuri, magana ba tauna, mutum ya koma tamkar yaro. Da aka koma musu bayan shekara 5, sai aka ga nauyin da ke kan iyali ƙaruwa ya yi maimakon raguwa. A shekarar 2000 Teasdale da abokansa suka wallafa nazarin mutanen da aka kwantar a asibitocin Glasgow saboda raunin kai, inda suka samu cewa bayan shekara guda kusan rabinsu na fama da naƙasa, har da waɗanda aka ce rauninsu mai sauƙi ne, kuma waɗanda suka samu wata kulawa ta farfaɗowa a cikin naƙasassun ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Wannan fa a Birtaniya ke nan, inda jinya kyauta ce. Da aka sake bibiyarsu bayan wasu shekaru, wasu sun ci gaba wasu sun koma baya, kuma abin da ya fi alaƙa da hakan shi ne halin da zuciyarsu ke ciki, kamar baƙin ciki da fargaba, fiye da girman bugun farko. Wannan hujja ce babba cewa aikin farfaɗo da mai raunin kai bai tsaya ga gashi da motsa gaɓoɓi ba, ya haɗa da gyaran magana, horar da tunani, koyon sana'a, da tallafa wa masu jinyarsa a gida.

Amfanin ma'aunan nan biyu ya wuce gefen gado. Da aka samu mudu ɗaya na auna tsananin rauni a farko, da mudu ɗaya na auna sakamako a ƙarshe, sai ya yiwu a kwatanta asibiti da asibiti, ƙasa da ƙasa, magani da magani. Jennett da kansa ya fara da tattara bayanan majiyyata daga Sikotilan da Holan da Amurka. Babban misalin ribar wannan ya zo a 2004. Shekara da shekaru likitoci na yi wa masu raunin kai allurar sitiroyid da zaton tana rage kumburin ƙwaƙwalwa. Sai aka gudanar da gagarumin gwaji mai suna CRASH ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ian Roberts na Landan, da majiyyata 10,008 a ƙasashe 49, waɗanda aka zaɓa bisa makinsu na Glasgow. Sakamakon ya nuna kashi 21 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar sun mutu cikin mako biyu, alhali a waɗanda ba a yi wa ba kashi 18 ne. Ashe maganin kashewa yake ƙarawa. Aka dakatar da gwajin, aka daina wannan al'ada. Ba don akwai ma'aunin da likitan Indiya da na Ajantina da na Masar suka yarda da shi baki ɗaya ba, da wuya a gano wannan gaskiya.

Ba ina nufin aikin Jennett ba shi da tawaya ba ne. Ma'aunin suma yana rikicewa idan idon majiyyaci ya kumbura, ko an zura masa bututun numfashi, ko an yi masa allurar barci. Jimillar maki ma tana iya ruɗarwa, domin mutum biyu za su iya samun 8 alhali halinsu ya sha bamban, shi ya sa Teasdale ya daɗe yana nanata cewa a riƙa faɗin makin ido da na magana da na motsi ɗaya bayan ɗaya. A 2018 ma an ƙara masa duba ƙwayar ido. Akwai kuma batun da ya fi wannan nauyi. A 1972 Jennett da Fred Plum na Amurka ne suka bayyana yanayin majiyyacin da ke buɗe ido, yana barci yana farkawa, amma babu alamar ya san kansa ko na kusa da shi. Jennett na cikin likitocin da suka ba da shaida a shari'ar Tony Bland, matashin da turmutsitsin filin ƙwallo na Hillsborough ya rutsa da shi a 1989, inda kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci ta amince a 1993 a daina ciyar da shi ta bututu. Wannan matsayi ne da jama'a da dama, a can da nan, ba su aminta da shi ba, kuma binciken baya ya ƙara nuna buƙatar taka-tsantsan. Wani nazari na 1996 a Landan ya gano 17 cikin majiyyata 40 da aka ce ba su da hayyaci, ashe suna da shi. A 2006 kuma Adrian Owen ya nuna ta hoton ƙwaƙwalwa cewa wata mata da ke cikin wannan hali tana jin umarni tana bi a zuci. Sai dai abin lura, su ma masu gyaran da hanyarsa suka yi aiki, wato bayyana abu dalla-dalla yadda wani zai iya gwadawa ya tabbatar ko ya ƙaryata. Ilmin da ba a iya yi wa gyara shi ne wanda tun farko bai faɗi komai ba.

Yanzu mu dawo gida, domin maganar ta shafe mu kai tsaye. Masana sun ƙiyasta a 2018 cewa kimanin mutum miliyan 69 ke samun raunin ƙwaƙwalwa a duniya kowace shekara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. Ba ma buƙatar alƙaluma kafin mu yarda, duk wanda ya taɓa leƙa sashen agajin gaggawa na babban asibiti da daddare ya ga matasan da babur ya kayar. Nazarce-nazarce sun nuna hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Amma da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sanya ta a watan Janairun 2009, sai aka riƙa ganin 'yan acaɓa a Kano da wasu garuruwa sun kifa ƙwarya a ka, aka yi ta dariya, ba a jima ba dokar ta bi ruwa.

A ganina mun karɓi rabin gadon Glasgow mun bar rabi, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Lambobin suma mun haddace su, amma a asibitoci nawa ne ake da takardar da nas ke cikewa duk bayan rabin awa ko awa guda? Makin da aka rubuta sau ɗaya a bakin ƙofa aka manta da shi bai tsinana komai ba. Bin sawu kuwa, sai dai a yi shiru. Ana sallamar magidanci, dangi su zo barka, a ce ai ya ji sauƙi tunda yana tafiya da ƙafarsa. Bayan wata uku ya kasa riƙe lissafin shagonsa, ya fara dukan yara, ya saki matarsa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai a ce iska ce ta taɓa shi, ko an yi masa sammu, ko ya fara shaye-shaye. A yi ta yawo da shi, wani ma a ɗaure shi da mari, babu wanda ya tuna da ranar da kansa ya bugu da kwalta. Ɗalibin da ke zuwa na ɗaya a aji ya koma na ƙarshe, a yi ta zabga masa bulala ana cewa ya lalace. Waɗannan mutane ba sa cikin kowane lissafi na gwamnati, domin a takarda sun warke.

Saboda haka ina da kira ga ɓangarori huɗu. Ga ma'aikatun lafiya na jihohi, a wajabta takardar awon suma a kowane babban asibiti da asibitin karkara, a horar da ma'aikata a kanta, a kuma fitar da ƙa'ida rubutacciya ta wanda za a tura gaba da lokacin tura shi. Wannan ba ya buƙatar kwangilar biliyoyi, takarda ce da biro da agogo. A kuma riƙa ba duk wanda aka sallama bayani da Hausa na alamomin da za su sa a dawo da shi nan take: amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci, jijjiga, raunin ɓarin jiki, ko ruwa da jini daga kunne ko hanci. Jama'a su ma su sani cewa ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, ko cicciɓarsa ba tare da tallafe wuyansa ba, na iya ƙarasa shi.

Ga asibitocin koyarwa, a buɗe rajistar masu raunin kai, a kuma kira kowane ɗaya ko danginsa bayan wata 6. Jennett ya yi wannan a zamanin wasiƙa, mu kuwa kusan kowane gida akwai wayar hannu. Ga gwamnatoci, a ɗauki masu gashi, da masu gyaran magana, da masu koyar da ayyukan yau da kullum, da masana halayya aiki, a kafa sassan farfaɗowa a manyan asibitocin jihohi. A watan Mayun 2023 babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙuduri na farko a tarihinsa kan ƙarfafa wannan fanni, mu ma muna da dokar kare haƙƙin naƙasassu da aka sanya wa hannu a 2019. Abin da ya rage shi ne a tuna cewa akwai naƙasar da ba ta riƙe sanda.

Kira na ƙarshe ga majalisun jami'o'inmu da asusun TETFund. Muddin ƙarin girma ya dogara ga ƙirga maƙalu, to za mu ci gaba da samun malaman da ke yanka bincike ɗaya gida biyar, suna biyan kuɗi ga mujallun da babu mai karantawa. A ƙara tambaya guda a takardar tantancewa: wane ne ya yi aiki da abin da ka gano, kuma me ya sauya? A kuma ware kuɗi ga binciken da ke ɗaukar shekaru ana bin majiyyata, ko da maƙala ɗaya zai haifar. Muna da abin koyi a gida. Farfesa Latunde Odeku, wanda ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan a 1962, da abokin aikinsa Adelola Adeloye, da lura da majiyyatansu suka bayyana wata cuta ta kan jarirai wadda har yau ake kiranta da sunansu a littattafan likitanci.

Jennett ya rubuta littattafai da maƙalu masu yawa, ya riƙe shugabancin tsangayar likitanci, ya samu lambobin yabo. Amma abin da ya wanzu bayansa shi ne, a daren nan da muke ciki, a wani asibiti da bai taɓa jin sunansa ba, wata nas za ta sunkuya kan wani matashi ta ce ya buɗe ido, ya faɗi sunansa, ya ɗaga hannu, ta rubuta lamba uku, in ta ga sun ragu ta ruga ta taso likita. Da irin wannan mudu ya kamata mu riƙa auna masananmu. Hausawa dai sun gama magana: ba girin-girin ba, ta yi mai.